Rigar Malama Gadaleta

A garinmu, idan mutane suna son ka, tsiya za su yi ta yi maka. Ranar da ka ga an fara gaishe ka da ladabi, ana riƙe maka ƙofa, ana tambayar jikinka da murya ƙasa-ƙasa, to ko dai baƙo ne kai, ko kuma an ga alamar ka kusa barin duniya. Na san haka sarai, don a nan aka haife ni. A nan ubana ya sauka daga Italiya ya kama sana'ar kamun kifi, a nan na auri Vince, a nan na binne shi, kuma rabin mazan garin nan sun zauna a ajina na firamare ina share musu majina. Sunana Connie Gadaleta. Waɗanda na koyar Malama suke ce mini har yau, ko da gemunsu ya yi fari. Des Kleinig kuwa, tsohon manomin alkama kuma abokin mijina, Sajan yake kirana tun muna da ƙuruciya, wai don muryata tana kaiwa bakin teku daga filin makaranta.

To ranar da na fara fita bayan dawowata daga asibitin Adelaide, babban birnin jiharmu, Des ya gan ni a ƙofar gidan waya. Ya cire hularsa ya ce, "Barka da dawowa, Connie. Ya ƙarfin jiki?" Yana faɗa yana kallon takalminsa. A ranar na yanke shawarar sayar da gidana in bar garin.

Bari in koma baya kaɗan. Gidan motsa jikinmu guda ne, wani tsohon rumbun kwano a bayan filin ƙwallo, kuma na Brenton Noack ne. Brenton ɗalibina ne, yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya a aji, yanzu ya zama ƙaton mutum mai wuya kamar turmi. Da gwamnatin jiha ta yi doka cewa duk gidan motsa jiki sai ya ajiye na'urar farfaɗo da zuciya, ba irin mitar da bai yi ba.

"Malama, mutanen Adelaide ba su da aikin yi," in ji shi. "Gobe kuma za su ce in ajiye likita a cikin firij."

"Ka ajiye. Ko banza a samu mai hankali ɗaya a rumbun nan."

Aka yi yadda muka saba yi idan ana neman wani abu: aka kafa murhu ranar Asabar a ƙofar shagon kayan gini, aka yi ta gasa sosej ana cusawa cikin burodi ana sayarwa, ni ce mai yanka albasa. Na'urar ta iso, aka kafe akwatinta a bango kusa da ƙofa. Wata ma'aikaciyar jinya ta zo ta koya wa maza yadda ake aiki da ita. Ni ban je ba, na ce ai ba ni zan ceci kowa ba. Da Des ya ji na'urar tana magana tana ba da umarni, sai ya raɗa mata suna Surukata, ya mai da akwatinta wurin rataye hula.

Safiyar da abin ya faru ni kaɗai ce mace a rumbun. Ƙawata Beryl ta tafi ganin jika, sauran matan kuma zafi ya hana su fitowa. Ina kan keken nan da ake tuƙawa ba ya zuwa ko'ina, Des yana gefe yana ɗaga wani ƙarfe da ko jikata za ta ɗaga da hannu ɗaya. Ya ce, "Sajan, rage gudu mana, kada ki wuce gari." Na buɗe baki zan rama. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma har yau ina jin haushin ban samu na rama ba.

Na farka a Adelaide, ƙirjina kamar an bi ta kai da mota, 'yata Donna tana zaune a gefen gado idanunta sun kumbura. Ta ce zuciyata ce ta tsaya. Ta ce Brenton ya danna mini ƙirji har ya karya haƙarƙari, na'urar nan ta girgiza ni zuciyar ta tashi, sannan aka ɗauko ni a jirgin sama. Na gode wa Allah, na yi kuka, na yi duk abin da ya kamata mai rai ya yi. Da a nan maganar ta tsaya, da lafiya lau.

Ranar da za a sallame ni, wata yarinya mai jinya ta kawo mini leda da kayan da aka kawo ni da su. Na buɗe. Rigata shuɗiya ce, an yanke ta daga wuya har ƙasa, yankan a karkace. A ƙarƙashinta ga rigar mama, ita ma an raba ta biyu. Kuma cikin duk rigunan maman da na mallaka, sai wadda ta fi kowace tsufa, wadda launinta ya koma na ruwan wanke-wanke, wadda na ɗinke hannunta da jan zare don na rasa fari. Na riƙe ta ina kallo, sai na ji zafi ya taso mini daga wuya har kunnuwa.

"Donna, su wa da wa ke wurin?"

"Mama, me za ki yi da wannan kuma?"

"Tambayarki na yi."

Ta lissafa. Brenton. Des. Mahaucinmu. 'Yan'uwan nan biyu masu aiki a rumbun hatsi. Mai gyaran famfo. Ban da Des, duk ɗalibaina ne. Ni da tun da nake babu namijin da ya taɓa ganin jikina sai Vince da likita, kuma likitan ma sai da na sa aka nemo mace. Ni da na shafe shekaru a gaban allo da rigar da maɓallinta ya kai maƙogwaro. An shimfiɗe ni a ƙasa a gabansu, a buɗe, da jikin tsohuwa yadda shekaru suka bar shi. Donna ta ce, "Mama, ranki suka ceto fa." Na ce na sani. Sanin bai rage mini komai ba. Kunya nake ji, irin wadda mutum yake so ƙasa ta tsage ya shige.

Na dawo gida na ce wa kaina wataƙila ni ce nake ƙara wa abin gishiri. Da a ce Des ya tare ni ya ce, "Sajan, an ce har lahira kin je kin yi musu faɗa sun koro ki," da na zage shi, da shi ke nan an wuce wurin. Amma sai ya cire hula. Na shiga wurin mahauci, mutumin da kullum sai ya ce tsokar da zai ba ni ta fi ni taushi, sai ga shi yana auna nama shiru, ya miƙo mini yana kallon sikeli. 'Yan'uwan rumbun hatsi suka zo suka yanke mini ciyawa da sassafe suka gudu kafin in fito. Matan gari kuma suka yi ta ajiye mini lazanya, gasasshiyar taliyar nan ta Italiya, a bakin ƙofa. Lazanya, a ƙofar 'yar Italiya! Na ci don kada a ce na raina, amma Allah ya yafe musu. Brenton kuwa, na hango shi wata rana a babban titi, yana ganina ya faɗa shagon sayar da zaren saƙa. Me ƙato irinsa zai saya a can?

Ban buƙaci a fassara mini ba. Suna ganina suna tuna abin da suka gani. Na daina fita. Na daina zuwa coci, na ce wa fada, limamin cocinmu, ƙafata ce. Likita ya ce lallai in koma motsa jiki a hankali, na ce to, na koma na zauna a kujera ina kallon labule. Daga ƙarshe na kira Donna na ce ta nemo mini ɗan ɗaki kusa da ita.

"Mama, ba ki san kowa a nan ba. Ko hanyar kasuwa ba ki sani ba. Kabarin Baba fa?"

"Babanki ba ya zuwa ko'ina."

"Za ki bar garinku saboda riga?"

"Ki turo dillali kawai, kuma ki aiko mini da kwalaye."

Ta aiko. Na fara ɗaure kaya. Amma uwata ba ta tarbiyyantar da ni in bar gari ban gode wa wanda ya cece ni ba. Na gasa biskit irin nata, ya fito duk a karkace, na zuba a gwangwani, na taka a ƙafa zuwa rumbun da tsakar rana, lokacin da na san babu kowa sai shi.

Na tarar da Brenton yana goge wani benci da ya riga ya goge. Yana ganina ya miƙe zumbur kamar na kama shi yana satar amsa.

"Malama."

"Zauna, ba jarrabawa na zo yi maka ba."

Na ajiye gwangwanin. Ban kalli wajen keken ba, ban kalli ƙasan ba. Na ce, "Na zo in yi maka godiya, in kuma yi sallama. Adelaide zan koma."

"Na ji a gari. Saboda mu ne, ko?"

"Saboda ni ne. Brenton, na tsufa amma ban makance ba. Ina ganin yadda kuke kawar da kai. Kun ga abin da kuka gani, kuma ba laifinku ba ne. Amma ba zan iya ci gaba da sayen nama wurin mutumin da ya gan ni a haka ba."

Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun da na dawo. "Malama, babu wanda ya ga komai."

"Kada ka yi mini ƙarya, ɗan nan. Tun kana ƙarami ba ka iya ta ba."

"Na rantse da Allah. Ai abin kunyar ke nan. Babu wanda ya kalla."

Na zauna a kan bencin. Shi kuma ya fara magana yana murɗa tsumman da ke hannunsa.

"Kina faɗuwa na fizgo akwatin. Mahauci ya kira motar asibiti. Na fara danna miki ƙirji ta kan riga, daidai yadda aka koya mana. Sai na'urar ta ce a cire tufafin da ke kan ƙirji. Akwai almakashi a cikin jakarta, na ɗauka. Sai na kalli fuskarki. Ke ce fa, Malama. Ke kika koya mini ɗaure igiyar takalmi. Hannuna ya ƙi. Na daina dannawa, na durƙusa riƙe da almakashi kamar wawa. Na ce ko akwai mace a waje. Mai famfo ya fita da gudu neman mace. Neman mace, Malama, kina kwance leɓenki ya fara canza launi."

"Sauran fa?"

"Suka juya."

"Suka juya ina?"

"Bango. Babu wanda ya ce su juya. Suka jeru kawai, kafaɗa da kafaɗa, hannu a baya. Kamar ranar darasin iyo."

Duk wanda ya yi firamare a garinmu ya san darasin iyo. Lokacin zafi nakan kai aji bakin teku, kuma rumfar canza kaya guda ce, ba ta da ƙofa. Sai in jera maza a jikin bangon rumfar ta waje, fuska a bango, hannu a baya, har 'yan mata su gama. Wanda duk ya waiwaya, ranar ba zai taɓa ruwa ba, kuma uwarsa za ta ji labari kafin ya isa gida. Shekara da shekaru ina yin haka, ina alfahari cewa yaran Malama Gadaleta sun san mutuncin mace.

"Des ma?" na ce. "Shi ai ban koyar da shi ba."

"Ya ga sun juya, shi ma ya juya. Har da ɗaga tawul ya yi labule da shi. Ƙarti, kowa ya je horon nan, babu wanda ya durƙusa ya karɓe ni. Na'urar tana ta maimaita maganar, tana ta maimaitawa, ban san sau nawa ba. Har yau ina jin ta a kunnena. Daga ƙarshe na rufe ido na yanke."

"Ka rufe ido? Da almakashi a wuyana?"

"E, Malama."

"Ikon Allah. Shi ya sa yankan ya tafi kamar rubutunka."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Mutum-mutumin da aka koya mana da shi namiji ne, kuma ba riga ya zo. Babu wanda ya ce mana wata rana ke ce za ki kwanta a wurin. Majalisar gari tana so ta ba ni lambar yabo, na ce su riƙe abarsu. Mahauci ba ya barci. Des ya daina zuwa nan. Muna ganinki a titi sai mu tuna mun tsaya muna kallon bango kina mutuwa." Ya matso. "Likitan jirgi ya tambaye ni tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a girgiza ki. Ya ce jinkiri yana cin wani abu a ƙwaƙwalwa. Don Allah ki gaya mini gaskiya. Ya ci miki wani abu?"

Hannuna na dama yana cikin aljihun rigar sanyi, inda yake zama tun da na dawo. Ban gaya muku wannan ba, don ko Donna ban gaya wa ba. Tun da na farka hannun ba ya damƙa yadda ya kamata. Yatsun sukan tsaya a rabin hanya su kama rawa. Hannun da na riƙe alli da shi duk rayuwata, yanzu maɓalli yana gagararsa. Likita ya ce mai yiwuwa jinkirin ne, mai yiwuwa kuma ko da an yi sauri haka zai faru, babu wanda zai iya rantsewa. Na dubi ƙaton yaron nan da idanunsa suka cika da ƙwalla.

"Babu abin da ya same ni," na ce. "Ka ci biskit."

A hanyar gida ban san me zan yi da kaina ba. Da farko na ji sanyi a rai: ashe babu wanda ya ga rigar nan mai jan zare. Ban kai kwanar coci ba na ji kunyar wannan sanyin ma. Makonni ina ɓuya a bayan labule saboda tsohuwar riga, su kuma suna can suna cin kansu, ni ban ma tambaya ba. Daga nan haushi ya taso. Da Beryl ce ta faɗi fa? Da matar mahauci ce, ko Donna? Haka za su jeru da ladabinsu, ta mutu a rufe, cikin mutunci? Kuma ladabin nan daga wurin wa suka koya? Na tsaya a bakin titi ina magana ni kaɗai har wani kare ya tsaya yana kallona.

Ina shiga gida na kira Brenton.

"Mutum-mutumin nan yana ina?"

"Yana ɗakin ajiya na ƙungiyar ƙwallo."

"Ka aro shi. Ranar Asabar da safe ina son duk wanda ke wurin a ranar ya zo. Har Des. Ka ce masa in bai zo ba zan je gona in same shi."

"Malama, me za a yi?"

"Darasi. Akwai wanda na koyar rabi."

Na kira Donna na ce dillali ya dakata zuwa bayan Asabar. Ta ce, "Kin fasa?" Na ce ban ce ba. Gaskiya kuwa ban sani ba. A raina na ce in gyara abin da na ɓata, sannan in tafi da mutuncina.

Ranar Asabar Beryl ta kawo ni a mota da kwali ɗaya daga cikin waɗanda na ɗaure. Suna nan duka, sun tsaya cirko-cirko, kowa ya yi wanka ya taje kai kamar masu zuwa jana'iza. Mutum-mutumin yana kwance a ƙasa, ƙirji a buɗe, baki a buɗe. Na sa Beryl ta buɗe kwalin ta zazzage shi a gabansu. Rigunana ne, da rigunan mama, farare da baƙaƙe da masu leshi waɗanda ko ni na manta ina da su. Fuskata kamar an kara mata wuta, amma na ɗaure. Mahauci ya kalli rufi. Mai famfo ya kama tari.

"Ku kalla nan," na ce. "Wannan ita ake kira rigar mama. Uwayenku suna sawa, matanku suna sawa, ba ta cizo."

Beryl ta cusa safa a cikin guda ɗaya, ta ɗaura wa mutum-mutumin, ta sa masa rigata ta zuwa coci mai maɓalli har wuya. Sai ga shi ya yi kama da ni fiye da yadda nake so. Ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan ya danne dariya ta fito ta hanci.

"Yi dariyarka, ba laifi," na ce. "Amma ku saurare ni. Da na ce ku kalli bango a bakin teku, daidai na faɗa, kuma gobe ma haka zan faɗa. Abin da na manta ban gaya muku ba shi ne ranar da ake waiwayowa. Idan mace ta faɗi ba ta numfashi, ko uwarku ce, ko matar fada da ba shi da ita, ku yanke riga, ku yanke ta ciki, ido a buɗe. In ta tashi ta mare ku, kun ci nasara. Kowa zai yi yau, ɗaya bayan ɗaya. Brenton, ba ni almakashi in nuna muku."

Ban yi tunani ba. Malanta ce ta ɗebe ni, na manta da kaina. Na durƙusa da ƙyar, Beryl tana riƙe da ni, na fiddo hannuna na dama na karɓi almakashin, na zura bakinsa a wuyan rigar. Na matse. Bai rufu ba. Na sake matsewa. Yatsuna suka tsaya a rabin hanya suka kama rawa, almakashin yana kaɗawa a kan maɓalli, ƙas-ƙas-ƙas, kowa yana ji.

Na ɗago, idona ya faɗa cikin na Brenton. Ya kalli hannun, ya kalli fuskata, na ga lokacin da ya gane. Ranar da aka yanke mini riga ban san inda nake ba. Yau ina gani ina ji, kuma na fi jin tsiraici. Babu abin da nake so kamar su kau da ido. Sai kuwa na ga Des ya fara juyawa a hankali, mahauci yana shirin bin sa.

"Kada wanda ya juya!" Muryar da na ɗauka na bari a asibiti ce ta fito, har kwanon rufi ya amsa. "Ku kalla. Haka hannun yake. Ku kalla da kyau."

Suka tsaya. Brenton ya durƙusa kusa da ni, hawaye yana bin gemunsa.

"Malama, kin ce babu abin da ya same ki."

"Na ce. Ƙarya na yi maka."

"Ni ne na..."

"Likita ma bai sani ba, kai ne za ka sani? Abin da aka sani shi ne da ba ka yanke ba, da yanzu ina kwance kusa da Vince yana damuna da labarin kifi. Share hancinka. Kawo hannunka nan."

Ya ɗora ƙaton hannunsa a kan nawa. Muka matse tare, rigar ta fara rabuwa, maɓallai suna tsalle a kan siminti. Da muka iso kan ta ciki na ji ya ɗan tsaya. Na ce, "Idonka a buɗe yake?" Ya ce, "A buɗe yake, Malama." Muka yanke.

Beryl ta ɗaga ni tsaye, ta sake tufatar da mutum-mutumin. Des ya matso yana jujjuya hula a hannu, fuskarsa ja wur.

"Connie," ya ce, "da gaske tafiya za ki yi?"

Na dube su ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi da magidanta, sun yi layi ba tare da an ce su yi ba, kowa yana kallon hannuna don na ce a kalla. Kunyar ba ta tafi ba. Tana nan a wuyana, kuma na ga tasu a fuskokinsu. Amma na gane babu inda zan kai tawa a Adelaide da za ta yi sauƙi, kuma a can babu mai taya ni ɗauka.

"In tafi in bar matan garin nan a hannunku?" na ce. "Durƙusa. Kai ne na gaba."

Na miƙa masa almakashin da hannun da ke rawa. Ya karɓa da hannu biyu, ya durƙusa gwiwoyinsa suna ƙara, ya zura bakin almakashin a wuyan rigar.